Dakta Nazifi da Kwatar Layin Kuka

Duk wanda ya san Layin Kuka ya san layi ne mai gangare. In ka tsaya daga sama, wajen gidan Dakta Nazifi, ka saki lemo a ƙasa, ba zai tsaya ba sai ƙofar shagon Malam Hudu mai katifa, can ƙarshen layi, inda kwatar unguwa take shigewa ƙarƙashin titi ta wani ɗan kwalbati da faɗinsa bai wuce bakin randa ba. Wanda ya gina kwalbatin nan, in ya mutu Allah ya jiƙansa, in kuwa yana raye Allah ya sa wata rana ya yi haya a ƙarshen layin.

To akwai wata al'ada a layin nan da ba wanda ya taɓa yarda tasa ce. Shara ake tarawa a bayan ƙyaure, kwana uku, kwana biyar, ana jiran sama. Da hadari ya haɗo, ruwa ya kece, titi ya watse, sai ka ga ƙofofi suna buɗewa kaɗan-kaɗan. Hannu zai leƙo da bokiti, ya juye a kwata, ya koma, ƙofa ta rufe. Ba ka ganin fuska, hannu kawai. Ruwa ya kwashe ya yi gaba, mai gida ya koma ya zauna da zuciya fes, shi a wurinsa shara ta tafi. Ba ya tambayar ina ta tafi. Malam Hudu ne ya san inda take tafiya, don shekara goma sha ɗaya yana karɓar baƙuncinta.

Ku kuma duba sana'ar da Allah ya ba bawan nan. Da tukwane yake sayarwa da sauƙi, a ɗauraye a kife. Amma katifa! Duk duniya ba abin da ya kai katifa son ruwa. Ta hango shi daga nesa sai ta shanye, ta yi nauyin sa, ta kwana bakwai a rana tana wari. Damina ta bara katifu bakwai ruwan kwata ya lalata masa, har ya rantse in aka sake yi masa irinta bana zai rufe shagon ya koma ƙauye noman gero, shi da rabonsa da fartanya tun yana da gashi baƙi.

Saboda yawan yashe kwalbati, Malam Hudu ya zama malami a fannin shara. Ya ga tuƙar rake ya san gidan Sale direba ne. Ya ga gashin kaza da yawa ya san Alhaji Barau ya yi baƙi. Akwai gidan da ya san an yi haihuwa tun kafin a raba goron suna. Bai yi boko mai nisa ba, aji huɗu ya fita, amma mutum ne mai sauraren rediyo da gardama da shi, ga baki kamar reza, ga zuciya a kusa. In ka tambaye shi kuwa, cewa zai yi duk layin ba mai haƙurinsa.

Ana nan sai labari ya zo cewa ƙaramar hukuma ta samo manyan kwandunan shara na ƙarfe, irin waɗanda mota ke zuwa ta ɗauke in sun cika. Guda huɗu ne rak, unguwa goma sha biyu ke nema. Aka ce kowane mai unguwa ya kawo takardar da ke nuna unguwarsa na buƙata, ranar Litinin ta sama ce ƙarshe. Malam Hudu ya ji labarin nan ya yi kamar ya taka rawa. Kwando ɗaya a saman layi, wancan filin da ke kallon gidan Dakta, shi ke nan katifunsa sun tsira.

Mai unguwa Tanimu dattijo ne mai son zaman lafiya, wanda in mutum biyu suka kawo ƙara yakan ba kowa gaskiya ya sallame su. Rubutun takarda ba aikinsa ba ne, sai ya ce ai muna da masani a layi, a ba Dakta Nazifi.

Shi Dakta Nazifi a kwaleji yake koyarwa, ilimin halayyar jama'a ya karanta, wato yadda ra'ayin mutum yake da yadda yake aikatawa in ya shiga cikin mutane. Mutumin kirki ne, ban da rowar gaisuwa ba a san shi da komai ba, kuma ita ma ba rowa ba ce, tunani ne yake masa yawa. Kullum cikin farar shadda, biro biyu a aljihu. Kalma ɗaya ce ba ta barin bakinsa: "a ilmance". Ko farashin tumatir za a yi magana, sai ya ce bari a dube shi a ilmance.

Da aka ba shi aikin sai ya ce shi ba zai rubuta abin da bai bincika ba. Ya buga takardun tambayoyi har na mutum ɗari biyu, kowace shafi huɗu. Shi ya bi maza shago-shago, majalisa-majalisa, maiɗakinsa Malama Bilki ta shiga gidaje ta tambayi mata. Takarda ta farko ma shi ya cike ta da hannunsa a gaban jama'a, ya sa hannu, don kowa ya ga yadda ake yi.

Ran Talata da hantsi ya iso shagon Malam Hudu. Aka gaisa, Malam Hudu ya jawo masa kujera ya karkaɗe.

"Malam Hudu, tambayoyi ne 'yan kaɗan. Ka faɗi abin da ke ranka kawai, ba mai kama ka."

"Bismilla, Dakta. Ni abin da ke raina ai kullum a bakina yake, shi ya sa ba ni da abokai."

"Tambaya ta ɗaya. Zubar da shara a kwata mummunar ɗabi'a ce. Ka yarda ƙwarai, ko ka yarda, ko ba ka sani ba, ko ba ka yarda ba?"

"Ba wani gurbi sama da ƙwarai ɗin?"

"Babu."

"To ka dangwala sau biyu."

Dakta ya yi murmushi ya dangwala sau ɗaya. "Ta biyu. In ka ga maƙwabcinka yana zubawa, me za ka yi?"

Malam Hudu ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai wa'azin Juma'a. "Nasiha, Dakta. Cikin lumana. In ja shi gefe, in nuna masa illar abin. Ai ɗan Adam ɗan lallashi ne."

Wannan fa shi ne mutumin da bara ya bi Sale direba da sandar awon katifa tun daga bakin kwalbati har ƙofar masallaci, ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

"Ta uku. Kai kanka, ka taɓa zubawa?"

"Ni? Haba Dakta! Ni da abin ke kashewa? Allah ya kiyaye."

Dakta ya rubuta, ya yi godiya, ya tashi. Malam Hudu ya raka shi taku uku ya dawo yana jin daɗin kansa, kamar wanda ya ci jarrabawa. Yana zama sai idonsa ya faɗa bayan ƙyaure, kan wani buhu cike da guntayen soso da yankakken yadin katifa. Buhun nan kwana shida ke nan yana jiran hadari. Don shi ma Malam Hudu yana da tasa dabarar: ba ya zubawa ta sama, Allah ya sani, tsallaka titi yake ya juye ta ɗaya bakin kwalbatin, inda ruwa ke wucewa Unguwar Rafi. A lissafinsa wannan ba zubar da shara a kwata ba ne, tunda kwatar ba tasu ba ce.

Ya daɗe yana kallon buhun.

"Innalillahi," ya ce shi kaɗai. "In ni da ruwan ke ci na gaya wa Dakta haka, to waɗanda ruwan ke yi wa aiki kyauta me za su gaya masa?"

Abin da ya ji tsoro shi ya faru. Ran Juma'a bayan la'asar aka taru a dakalin mai unguwa, Dakta ya zo da 'yar takarda guda, fuskarsa tana walƙiya.

"Jama'a, albishirinku. Cikin mutum ɗari biyu, ɗari da casa'in da shida sun ce zubar da shara a kwata mummunan abu ne, kuma ba sa yi. Uku sun ce ba su sani ba. Ɗaya kuma kurma ne, ba mu fahimci juna ba. Ni tunda nake bincike ban taɓa ganin unguwa mai wayewa irin tamu ba."

Majalisa ta ɗauki "Masha Allah". Sale direba har da shafa gemu. Alhaji Barau ya ce shi dama ya sani, tarbiyya ce tun daga iyaye.

"Saboda haka, a ilmance," in ji Dakta, "matsalarmu ba daga gida take ba. Masu wucewa ne da 'yan kasuwar bayan layi. Kwandon ƙarfe ba zai ƙare mu da komai ba sai wari da ƙudaje, ya kuma jawo mana sharar wasu. Abin da zan rubuta mu nema shi ne allo, babba, a kafa a bakin layi, a rubuta gargaɗi ga baƙi. Kwandon a bar wa unguwannin da ba su waye ba."

Malam Hudu ya ji kamar an ɗora masa jiƙaƙƙiyar katifa a ka. Ya miƙe.

"Allah ya ba mai unguwa nasara, a ba ni izini. Dakta, don Allah, tuƙar raken da nake kwashewa duk damina, ita ma mai wucewa ce?"

Sale direba ya daina shafa gemu.

"Malam Hudu," in ji Dakta cikin natsuwa, "abin da ido ɗaya ya gani ba hujja ba ne. Mu adadi muke bi. Kuma ilimi ya nuna abin da mutum ya ƙudurta a ransa shi ke jan aikinsa. Ka ɗauka ra'ayi direba ne, hali kuma mota. Inda direba ya juya, nan mota za ta bi."

"Dakta, ka taɓa shiga motar da birkinta ya tsinke a gangare?"

Aka kwashe da dariya. Dakta ma ya ɗan murmusa, don ba mai riƙo ba ne.

"Ka gane," Malam Hudu ya ci gaba, murya ta fara hawa, "ka je wa mutum da hantsi, rana tsaka, ga ka da farar riga, ga biro, ga maƙwabta suna kallo, ka ce masa ƙazanta kyau gare ta ko muni? Me kake so ya ce? Ko ni aka yi wa haka ai malami zan koma. Mutumin da ka tambaya da hantsi daban, wanda hadari ke samu da bokiti a bayan ƙyaure daban. Shi na biyun ba ka same shi a gida ba, Dakta, don ba ya fitowa sai ana ruwa!"

"To kai da bakinka me ka gaya mini?" Dakta ya tambaya. "Ka ce ba ka zubawa. Ƙarya ka yi?"

Nan fa aka zo wurin. In Malam Hudu ya ce gaskiya ya faɗa, ya ƙarfafa Dakta. In ya ce ƙarya ya yi, ya tona wa kansa asiri a gaban Sale direba, mutumin da ya bi da sanda. Sai ya yi abin da ya saba, ya hau faɗa. Ya ce wa Alhaji Barau kajinsa sun fi na kowa gashi. Ya ce wa Sale in rake ne arziki da tuni ya sayi tirela. Ya ce allon da za a kafa, ruwan farko zai kawo masa shi shago. Mai nasiha cikin lumana ke nan. Sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Mai unguwa Tanimu ya ɗaga hannu. "To, to, to. Dakta yana da gaskiya. Malam Hudu ma yana da gaskiya. Amma takarda ta fi baki. Jibi Lahadi da hantsi a dawo nan, Dakta ya kawo rubutun in sa hannu, Litinin a kai."

Malam Hudu ya koma shago yana huci, yana lissafin inda zai samo aron fartanya.

Ran Asabar bayan azahar sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, masu talla suka tattara, awaki suka shige zaure. Malam Hudu ya ɗaɗɗaga katifun da zai iya ɗagawa kan benci, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauko dogon ƙarfensa mai ƙugiya wanda ya ba maƙeri ya ƙera masa musamman don wannan aiki, ya tsaya a bakin ƙofa kamar soja. Buhun soso na bayan ƙyaure yana kallonsa, shi ma yana kallonsa. Ran nan dai, karo na farko, ya bar shi a inda yake. Ba don tuba ba, don kada wani ya gani ne.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Malam Hudu ya ɗaga kai ya dubi saman layi, sai ga abin da ya saba gani: ƙofa ta buɗe, hannu, bokiti, ƙofa ta rufe. Wata ta buɗe, hannu, kwando. Hannuwan mutum ɗari da casa'in da shida masu kyakkyawan ra'ayi, har da na ukun da ba su sani ba. Kurman ne kaɗai bai ga ƙofarsa ta motsa ba.

Shara ta fara isowa, yana tura ta da ƙugiya tana wucewa. Leda, ɓawon lemo, tsohon takalmi, tuƙar rake, sannu Sale. Yana cikin haka sai ga wani buhun shinkafa, cike tam, an ɗaure bakinsa da kyau da igiyar roba, yana tafe a kan ruwa yana juyi kamar babban baƙo. Kafin Malam Hudu ya kai masa ƙugiya, buhun ya isa bakin kwalbati ya zauna daram, kamar don shi aka auna ramin. Ko tsinke ba zai wuce ba.

Ruwa ya tsaya, ya yi tunani, ya juyo shagon Malam Hudu.

Abin da bawan Allah nan ya faɗa a wannan lokaci ba zai rubutu ba. Ya faɗa kwata har ƙugu, ya ja, ya tura, ya zame ya tashi. Kafin ya ciro buhun, ruwa ya haura dakali ya shiga shago, katifu uku na ƙasa sun sha sun ƙoshi, har da wata mai inci goma da ya fi ji da ita. Da buhun ya fito, kwalbati ya yi wata irin gyatsa, ruwa ya wuce.

Ya jawo buhun ƙarƙashin rumfa yana haki. Ya ce yau sai ya ga gidan da wannan ya fito, ko da kuwa gidan limami ne. Ya yanke igiyar. A sama ɓawon ƙwai ne da ganyen shayi da gwangwanin madara. Ya tura hannu ƙasa sai ya ji takardu, dami-dami, an ɗaure kowane da roba, sun kumbura da ruwa sun yi tauri kamar bulo. Ya zaro dami ɗaya ya ɓare. Na ciki ko jiƙewa sosai ba su yi ba.

Aji huɗu ya fita, amma wannan ya iya karanta shi: "Zubar da shara a kwata mummunar ɗabi'a ce." Ga dangwale a gurbin "Na yarda ƙwarai".

Ya ɓare wata. Na yarda ƙwarai. Wata. Na yarda ƙwarai.

Malam Hudu ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar katifarsa, ruwa na tsiyaya daga gemunsa. Ƙafarsa har ta ɗauki hanyar saman layi da kanta, hannunsa ya kai kan sandar awo. Sai ya tsaya. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ajiye faɗan yau ya kai gobe ba, amma wannan ya ga ya fi ƙarfin a ɓata shi a ƙofar gida ba 'yan kallo. Ya mayar da sandar. Ya tattara takardun ya jera a kan benci su sha iska, yana yi yana 'yar waƙa.

Lahadi da hantsi dakalin mai unguwa ya cika. Gari ya yi fes, kwatar kowa ta yi tas, sai ta mutum ɗaya. Dakta ya zo da farar shadda sabuwar guga, ya karanta takardar neman allo, Hausa mai daɗi, ya miƙa wa mai unguwa biro. Mai unguwa yana neman tabarau a aljihu sai aka ji ƙarar baro, ƙiii, ƙiii, yana hawowa gangare.

Malam Hudu ne. Ya naɗe katifa mai inci goma ya ɗora, tana ɗiga, a kanta ga buhun shinkafa.

"Salamu alaikum. Allah ya ba mai unguwa nasara, a yi haƙuri na makara. Baƙi na yi jiya, na ce bari in rako su gida."

"Malam Hudu, in faɗa ne..." in ji mai unguwa.

"Wane faɗa, ranka ya daɗe? Nasiha ce, cikin lumana. Dakta shaida ne, haka na ce zan yi."

Ya sauke buhun a tsakiyar tabarma, ya zazzage. Dami-damin takardu suka zubo. Ya zaro takarda ɗaya ya miƙa wa Sale. "Taka ce wannan, ga sunanka. Tare kuka iso da rakenka, ba ku rabu ba." Ya miƙa wa Alhaji Barau tasa. Ya ce ga tasa shi ma, ba zai ɓoye ba, ta ce ba ya zubawa, Allah ya yafe mata. Sannan ya zaro wata daga aljihun gaba, wadda ya shanya daban ya lallaɓa ta da kyau, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Wannan kuwa lamba ɗaya ce. Ita ce a kan gaba, kamar yadda ya dace da shugaba. Dakta, wannan sa hannun naka ne ko na mai wucewa?"

Dakta Nazifi ya karɓi takardar, ya dube ta gaba da baya, kamar yana fatan ta canza.

"Ai... na gama da su ne," ya ce a hankali. "Na kwashe adadin na shigar a kwamfuta. Sun cika mini ɗaki, Bilki tana ta magana."

"To sai Malama ta zubar?" mai unguwa ya tambaya, yana miƙa masa hanyar fita.

Nan Dakta ya nuna shi ɗan halak ne, don bai bi hanyar ba. "A'a, ranka ya daɗe. Ni ne. Da lema na fito." Ya share goshi. "Na so in ƙona su, ruwa ya hana. Bolar da ke kusa sai an hau babur. Na duba hagu na duba dama, ba kowa, ga ruwa yana gudu. Na ce sau ɗaya ne. Wallahi da akwai wurin zubarwa a kusa, da ban..."

Ya tsaya. Shi da kansa ya ji abin da ya faɗa.

"Da akwai me, Dakta?" in ji Malam Hudu, ya kara hannu a kunne. "Ƙara faɗa, kurman ma yana so ya ji."

Dariyar da aka yi a dakalin nan har awaki sai da suka firgita. Sale direba ya faɗi gefe yana riƙe ciki, ya manta tasa takardar tana hannunsa. Mai unguwa Tanimu ya samo tabaransa, ya dubi takardar allo, ya dubi katifa, ya ninke takardar biyu ya mayar wa Dakta.

"Dakta, a sake rubutawa. Kwando muke so. A filin nan na gaban gidanka za a ajiye, tunda kai ka fi kowa nisa da bola. Ka rubuta yadda ka faɗa mana yanzu, ya fi wancan daɗin ji."

"Zan rubuta, ranka ya daɗe," in ji Dakta. Ya durƙusa yana tattara takardunsa da hannunsa, farar shadda tana shan laka. Amma malami malami ne, ba ya son ya bar fili ba tare da ya ceci ko kalma ɗaya ba. Ya ɗago ya dubi Malam Hudu.

"Duk da haka, Malam Hudu, a ilmance binciken bai yi ƙarya ba. Ka yi mini adalci. Ka dai shaida mutanen layin nan suna da ra'ayi mai ƙarfi a kan tsafta."

Malam Hudu ya kama hannun baronsa, ya juya shi ya fuskanci gangare.

"Na shaida, Dakta, mai ƙarfi ne ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya ina yashe kwalbatin nan, ban taɓa ganin abin da ya toshe shi kamarsa ba."